Dizonkter Ɗin da ke Jira a Sito: Yadda Tashoshin Nukiliya ke Bin Salsalar Kayan Gyara

Tun da ma'aikatar makamashi ta Nijar da kamfanin Rosatom na Rasha suka sa hannu kan takardar fahimtar juna a Yamai a ƙarshen watan Yulin 2025, zancen tashar nukiliya ya bar ofisoshi ya sauko fada. Ana dafa shayi ana ja-in-ja. Wani ya ce ƙasar da ta haura shekara 50 tana haƙo yuraniyom a Arlit bai kamata ta kwana cikin duhu ba, wani ya tuna masa da haɗarin tashar nukiliya ta Fukushima a Japan. Hankalin kowa yana kan manyan abubuwa: kuɗin gini, ruwan sanyaya tukunya (wato inda makamashin nukiliya ke ba da zafi), inda za a kai shara. Akwai wata tambaya da ba a cika jin ta a fada ba, alhali ita ke cin lokacin injiniyoyi a ƙasashen da suka daɗe da irin waɗannan tashoshi. Ranar da wani ƙaramin kaya ya lalace, aka shiga sito aka ɗauko madadinsa, wa ya tabbatar cewa abin da ke cikin kwalin shi ne abin da aka rubuta a jikinsa? Babu kayan da ya fi bayyana nauyin wannan tambaya kamar na'urar yanke wuta, wadda masu gyaran lantarki a Yamai da Tawa ke kira dizonkter.

Abin da ke cikin akwatin

Duk gidan da ke da mitar NIGELEC ya san shi. A kunna injin sanyi, a haɗa da dutsen guga da firji, sai a ji ƙas, wuta ta ɗauke. Dizonkter ne ya faɗi, don kada waya ta ɗau zafi ta kama da wuta.

Masu gadi biyu ne a cikinsa. Na farko ɗan falle ne na ƙarfe iri biyu da aka manne wuri ɗaya. Idan lodi ya yi yawa sai ya yi zafi, ya lanƙwashe a hankali har ya saki kunama. Na biyu maganaɗisu ne, wanda ke fizge kunamar cikin ƙiftawar ido idan wayoyi suka haɗu, wuta ta taho kamar ambaliya. Amma sakin kunama rabin aiki ne. Lokacin da bakunan ƙarfen suka rabu, wutar ba ta yarda ta mutu nan take, tana tsallakawa ta cikin iska kamar wutar walda. Saboda haka ake jera wasu ƙananan faranti da ke yayyanka harshen wutar su kashe shi. Ingancin waɗannan faranti, da ƙarfin sifirin, da irin ƙarfen da aka shafa a bakunan, su ke yanke hukunci ko na'urar za ta kashe wutar ko kuwa ita kanta za ta fashe. Ba ɗaya daga cikinsu da ake gani daga waje, domin yawancin irin waɗannan dizonkter a rufe suke cikin baƙar roba mai tauri tun daga masana'anta.

A tashar nukiliya ana samun su da yawan gaske, manya da ƙanana. Abin da ya sa suke da muhimmanci shi ne tukunyar nukiliya ba ta hucewa don an kashe ta. Da zarar an tsayar da ita tana ci gaba da fitar da kusan kashi 7 cikin 100 na zafinta, bayan ƴan sa'o'i ya sauko wajen kashi 1. A babbar tukunya mai zafin megawat 3,000, kashi 1 ɗin nan megawat 30 ne, adadi ɗaya da ƙarfin tashar hasken rana ta Gorou Banda. Dole famfuna su ci gaba da tura ruwa, kuma kowane famfon lantarki ta dizonkter yake samun wuta. Rashin wutar da za ta juya famfuna ne ya narkar da tukwane 3 a Fukushima a watan Maris na 2011.

Don haka dizonkter yana iya cin amana ta hanya biyu: ya ƙi faɗuwa lokacin da ya kamata, ko ya faɗi lokacin da bai kamata ba. Ta biyun ce mutane ke mantawa. Babban inji yana jan wuta ninki 5 zuwa 7 a daƙiƙun farko na tashinsa. Idan saitin na'urar ya goce, sai ta ɗauki wannan a matsayin haɗari ta yanke wa famfon gaggawa wuta daidai lokacin da ake neman sa.

Salsala da aminci

Kalmomi biyu ake yawan cakuɗawa. Aminci shi ne na'urar ta yi aikinta duk ranar da aka neme ta, ko da ta shekara 10 a zaune. Salsala kuwa ita ce a iya bin kayan da takarda, hannu bayan hannu, daga sito har zuwa masana'antar da ta ƙera shi, ba tare da giɓi ba.

Duk wanda ya zauna gaban malamin hadisi ya san wannan tsari. Ba a karɓar ruwaya don lafazinta ya yi daɗi. Sai an duba isnadi, wane ya ji daga wane, sannan a binciki kowane mai ruwaya, shin amintacce ne, shin ya ma haɗu da wanda ya ce ya ji daga gare shi. Haka ake yi wa dizonkter: lambar jikinsa, lambar rukunin da aka ƙera shi a ciki, takardar oda, takardar jigila, takardar shaidar inganci. Idan dillali ne ya ba da shaidar, sai an je an binciki dillalin.

Me ya sa ba a wadatu da cewa ai akwai na'urori biyu-biyu ba? Gaskiya ne ana gina tashoshin nan da layuka biyu ko fiye, ɗaya ya gaza ɗaya ya ɗauka. Sai dai idan kwali guda na jabu aka sayo aka rarraba wa layukan duka, ciwo ɗaya ne a jikinsu, kuma rana ɗaya zai tashi.

Abin da Amurka ta gani a 1983 da 1988

A ranar 25 ga Fabrairun 1983, a tashar Salem da ke jihar New Jersey, na'urorin tsaro suka ba da umarnin tsayar da tukunya ta ɗaya. A irin wannan tukunya, maganaɗisu ne ke riƙe da sandunan da ke kashe ta; a yanke masa wuta, sandunan su faɗa ciki da nauyinsu. Manyan dizonkter biyu ne ke da alhakin yanke wutar, kuma duka biyun suka ƙi buɗewa. Ma'aikata ne suka tsayar da ita da hannu bayan kusan rabin minti. Da aka koma kan bayanan kwamfuta, sai aka gano haka ta faru kwana 3 kafin nan ba wanda ya lura. Waɗannan ba jabu ba ne. Rashin kulawa da shafa mai yadda ya dace ne ya sa sassansu suka cije. Darasin Salem na aminci ne: kaya na asali ma yana mutuwa a tsaye idan ba a duba shi.

Darasin salsala ya zo bayan shekara 5. A 1988 kamfanin da ke tafiyar da tashar Diablo Canyon a Kalifoniya ya sayi dizonkter 30 masu tambarin Square D a matsayin sababbi, ta hannun dillali. Aka gano tsofaffi ne da aka yi wa kwaskwarima. Bincike ya kai ga wasu kamfanoni da sana'arsu ke nan: su sayo na hannu, su buɗe, su goge, su liƙa sabuwar takarda, su mayar kasuwa. A watan Nuwamba na shekarar, hukumar kula da nukiliya ta Amurka, NRC, ta fitar da sanarwa mai lamba 88-10. Ta umarci tashoshi su shiga sito su zaƙulo dizonkter da aka ajiye don sassan tsaro, su nuna takardar da ke kai kowanne ga maƙerinsa. Wanda salsalarsa ta yanke, a ware shi, sannan a bi sawun ƴan uwansa da aka riga aka ɗaura a cikin tasha, a canza su ko a gwada su, a kuma rubuta hujjar ci gaba da aiki kafin a kammala. A 1990 ofishin binciken kuɗi na majalisar dokokin Amurka ya ba da rahoton cewa aƙalla tashoshi 72 cikin 113 sun ɗaura kayan da ba su cika sharaɗi ba, ko ana zargin sun karɓe su.

Abin da ya buɗe wa ƴan jabu ƙofa a fili yake. Bayan haɗarin tashar Three Mile Island ta Amurka na 1979 gina sababbin tashoshi ya ja baya, masana'antu da yawa suka bar ƙera kayan nukiliya saboda kasuwar ta yi ƙanƙanta, samfura suka tsufa aka daina yin su. Mai tasha yana neman samfurin da aka bar ƙerawa tun shekaru, tasha na tsaye tana cin asara kullum, sai ga dillali ya ce yana da shi a hannu. Matsalar ba ta ƙare ba: a Fabrairun 2022 babban mai binciken NRC ya sake ba da rahoton cewa akwai jabun kaya da waɗanda ake tuhuma a tashoshin da ke aiki.

Takarda ko gwaji?

Nan ne masana suka rabu. Masu tafiyar da tashoshi da yawa suna ganin gwaji ya isa ya cike giɓin takarda. Ana auna ko wuta na zurarewa ta jikin robar, a auna yadda bakunan ke haɗuwa, a tura wa na'urar wuta ninki 3 na abin da aka rubuta a jikinta a ƙirga daƙiƙun da za ta yi kafin ta faɗi, a gwada maganaɗisun. Idan ta ci duka, me ya sa za a zubar da kaya mai tsada, wanda wataƙila babu irinsa a kasuwa? Suna ƙarawa da cewa cire na'urar da ke aiki lafiya a ɗaura wata shi ma haɗari ne, don hannun ɗan Adam na kuskure.

Ɗaya ɓangaren, inda maƙera da masu sa ido da yawa suke, yana cewa gwajin teburi ba ya taɓa babban alkawarin dizonkter, wato iya kashe wutar dubban amper ba tare da ya fashe ba. Wannan gwaji yana cinye na'urar. Wadda aka gwada ba ta komawa aiki. Masana'anta tana yin sa ne a kan samfura kaɗan, sauran su ci albarkacinsu saboda layi ɗaya suka fito. Haka gwajin jure girgizar ƙasa. Idan ba a san layin da na'ura ta fito ba, ba ta da rabo a wancan gwaji, ko da ta ci na teburi sau goma.

Hujjar ɓangare na biyu ta fi ƙarfi a kan sassan tsaro, kuma tsarin da aka daidaita a kai ya karkata can, tare da barin ƙofa ga na farko. A 1988 cibiyar binciken kamfanonin lantarki ta Amurka, EPRI, ta fitar da jagora kan yadda za a ɗauki kayan kasuwa na yau da kullum a ɗaga shi zuwa matsayin kayan tsaro. Ana fara rubuta siffofin da aikin tsaro ya rataya a kansu, sannan a tabbatar da su ta gwaji na musamman, ko ta zuwa binciken masana'anta, ko ta tsayawa a ga ana ƙera kayan, ko ta tarihin mai kawo kaya, yawanci a haɗa biyu ko fiye. Gyaran tsohon dizonkter ma ba haramun ba ne, ana yi wa manya-manyan a kai a kai. Laifin shi ne a gyara a ɓoye a sayar da sunan sabo.

Idan takardar ce jabu

Koriya ta Kudu ta nuna iyakar dogaro da takarda. A Nuwamban 2012 aka tsayar da tukwane biyu a tashar Yeonggwang bayan an gano cewa an shekara kusan 10 ana shigo da dubban ƙananan kaya, irin su fis da makunnai, da takardun shaida na bogi. A watan Mayun 2013 aka sake tsayar da wasu saboda wayoyin da aka ƙirƙiri sakamakon gwajinsu, kuma a wannan karon hannun kamfanin gwajin kansa na ciki. Kafin ƙarshen shekarar an gurfanar da mutum kusan 100. A Faransa ma, a 2016, an gano abubuwan da ba daidai ba a ɗaruruwan fayilolin maƙerar Le Creusot mai ƙera sassan tashoshin nukiliya, wadda a lokacin take hannun Areva, sunan da mutanen Arlit suka sani sarai.

Shi ya sa mai karɓar kaya a sito ba ya tsayawa kan karanta takarda. Yana juya na'urar a hannu. Ko kan kusoshin ya nuna an taɓa sa musu sukurdireba? Ko hatimin masana'anta ya fashe an mayar? Yana duba bakin da waya ke shiga, domin wanda aka taɓa ɗaurawa yana barin gurbi. Yana duba takardar jiki, ko an ɗora ta kan wata, ko rubutun ya yi dishi-dishi irin na hoto. Yana ɗora ta a sikeli ya gwada da ta asali, saboda ta jabu takan yi sauƙi idan an rage tagulla. Daga nan ya aika wa maƙerin lambar kai tsaye, ba ta hannun dillali ba, ya tambaya ko sun san ta. Bayan an karɓa kuma aiki bai ƙare ba: giris yana daskarewa a ajiya, ƙura da laima suna shiga, don haka sito na da ƙa'idar zafi da jadawalin motsa kayan.

Inda Nijar take

Nijar ba ta da tashar nukiliya, kuma takardar fahimtar juna ba kwangilar gini ba ce. A Afirka tasha ɗaya ce ke aiki, Koeberg ta Afirka ta Kudu, tun 1984. Masar na gina tashar El Dabaa da Rosatom tun 2022. Nijar ta kafa hukumar makamashin nukiliya, HANEA, da hukumar sa ido, ARSN, kuma a Afrilun 2018 tawagar Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya, IAEA, ta zo Yamai ta duba shirin ƙasar. Ma'aunin IAEA ya ƙunshi fannoni 19 da sabuwar ƙasa za ta shirya cikin shekara 10 zuwa 15, kuma sayen kaya fanni ne mai zaman kansa a cikinsu.

Ra'ayi biyu ake ji. Wasu na cewa wanda ya gina tasha shi zai kawo kayan gyara daga masana'antunsa, kamar a Akkuyu ta Turkiyya inda Rosatom ke ginawa, ya mallaka, ya tafiyar. Salsala gajera ce, dillali bai da wurin shiga. Akwai gaskiya a nan, musamman a shekarun farko. Wasu kuma na cewa tasha tana rayuwa shekara 60, kuma cikin shekara 60 masana'antu na rufewa, ƙawance na sauyawa, hanyoyi na toshewa. Ba sai an je nesa ba: bayan juyin mulkin Yulin 2023 hanyar Kwatano ta rufe, kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, har masana'antar SOMAÏR ta tsaya da sarrafa yuraniyom don ƙarancin sinadarai. Ranar da hanya ta toshe ita ce ranar kasuwar dillali. Abin da ya faru a Koriya kuma ya nuna cewa ko maƙeri da mai tasha ƴan gida ɗaya ne, sai an sami mai sa ido da ba ya cin albashi a hannunsu, mai ɗakin gwaji nasa da ikon cewa a tsaya.

Akwai kuma yanayi. Yawancin dizonkter na masana'antu ana saita su ne a kan zafin digiri 40, na gida a kan 30. A Yamai da Tawa, Afrilu da Mayu suna wuce 40 a inuwa, balle cikin akwatin ƙarfe. Ga ƙurar hunturu. Shaidar da aka bayar don wata ƙasa mai sanyi sai an sake auna ta da wannan.

Abin da zai iso ga talaka

Na farko kuɗi ne. Kaya mai cikakkiyar salsala ya fi irinsa na kasuwa tsada nesa ba kusa ba, don ana biyan gwaji, bincike da ajiyar takardu na shekaru. Wannan yana shiga farashin kowane kilowat. Na biyu ɗaukewar wuta. Jabun kaya ya fi jawo tsayar da tasha fiye da jawo haɗari. A Koriya gargaɗin ƙarancin wuta aka shiga. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kada tukunya ɗaya ta wuce kusan kashi 10 cikin 100 na ƙarfin layin ƙasa. Mutanen Yamai sun ɗanɗana dogaro da tushe guda a Agustan 2023, lokacin da Najeriya, wadda a lokacin ke kawo kusan kashi 70 cikin 100 na wutar ƙasar, ta yanke layin Birnin Kebbi. Na uku aikin yi: masu duba kaya, masu gwaji, masu kula da sito da takardu sana'o'i ne da za a iya fara koyarwa tun yanzu, kuma NIGELEC, SONICHAR, matatar Zinder da asibitoci suna buƙatar su ko an gina tashar nukiliya ko ba a gina ba.

Ciwon ma yana nan a ƙaramin sikeli. Mai gini ya shiga Katako neman dizonkter, mai shago ya ɗauko guda biyu masu tambari iri ɗaya ya ce, "Alhaji, mai kyau kake so ko mai sauƙi?" Duka biyun za su kunna fitila, duka biyun za su yi ƙas idan aka ɗaga hannunsu. A fuskar kowanne akwai rubutu irin C16, wato amper 16, da wata lamba cikin ƙaramin akwati, 4500 ko 6000, wadda ke nufin yawan amper da zai iya kashewa idan wayoyi suka haɗu. Ta farkon mai gyaran wuta zai iya gwada ta da lodi. Ta biyun sai ɗakin gwaji, kuma hurumin hukumar ma'auni da ingancin kaya ta ƙasa ne, ANMC, tare da kwastan a bakin iyaka. Abin da ke hannun mai saye shi ne ya nemi wakilin da maƙerin ya amince da shi, ya karɓi rasit mai ɗauke da lambar kayan, ya ƙi wanda kwalinsa ya sha hannu ko kusoshinsa suka nuna an taɓa buɗewa. Wanda kuma dizonkter ɗin gidansa ke da ɗan maɓalli mai harafin T, ya riƙa danna shi lokaci-lokaci. Idan wuta ba ta ɗauke nan take ba, a kira mai gyara a canza shi.